Iyakar Gona da Iyakar Magana: Wani Babi Daga Tarihin Gwandu

A ƙasar Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo ta masarautar Gwandu, kowace gona tana da iyakarta, kamar yadda yake a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Wani ya shata tasa da gamba, wani da kututturen itace, a fadama kuwa kunyar da take tare ruwan shinkafa ita ce shaida. Ba a bukatar koya wa kowa cewa matsar da wannan shaida, ko da taki ɗaya, sata ce. Dattawa sun sani, mai unguwa ya sani, alƙali ya sani, kai ma da ka karanta Maimaitawar Shari'a 19:14 ka sani. Dalilin a fili yake: gona ba ta zama a hannu biyu a lokaci ɗaya. Ranar da ta shiga hannun wani, ta fita daga naka ke nan.

To, waƙa fa? Littafi fa? Idan wani ya ji waƙarka ya haddace, ya tafi garinsu yana rerawa, kai ma tana nan a bakinka ba ta ragu ba, me ya ɗauke maka? Masu doka suna da suna domin wannan, wato haƙƙin mallaka, masu kuka da ɓarayi kuma suna cewa satar fasaha. Waɗansu sun ce aikin tunani dukiya ce daidai da gona da saniya, a tsare shi kamar yadda ake tsare su, a gāde shi har jikoki da tattaɓa kunne. Waɗansu sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ta fita, wanda ya nemi ya yi mata shinge yana wahalar da kansa ne kawai. Tambayar ba ta lauyoyi kaɗai ba ce, gama tana shiga majami'a duk ranar da aka kai littafin wani shago aka yi masa hoto guda 50 domin mawaƙa, ko aka tura faifan wani daga waya zuwa waya. Ƙasar Gwandu ta daɗe da sanin littafi, tarihinta kuma yana da abin faɗa a kan wannan magana.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, an haife shi wajajen 1766, ya rasu a Gwandu a 1829. Shi aka danƙa wa yammacin daular da jihadin 1804 ya kafa, zuriyarsa ce kuma take sarautar Gwandu har wa yau. Maƙwabtanmu Musulmi sun fi tunawa da shi a kan alƙalami. Ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin masu mulki da alƙalai, ya rubuta tafsirin Alƙur'ani mai suna Liya'ut Ta'awili, a 1813 kuma ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da labarin yaƙe-yaƙen zamanin cikin Tazyinul Waraƙati. A cikin ayyukansa akwai wani ɗan littafi da ya shafi zancenmu kai tsaye, Ta'alimur Radi, wanda ya yi bayanin hanyoyin da mutum yake keɓanta da matacciyar ƙasa, wato dajin da ba na kowa ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne tafarkin malaman daular, babbar hanya ita ce raya ƙasar: ka yi sassabe, ka haƙa rijiya, ka yi gini, ka dasa itatuwa. Gumi ne yake haifar da mallaka. Idan kuma mai ƙasar ya bar ta shekara da shekaru har ta koma daji, wani ya zo ya raya ta, to, haƙƙin na farko yana iya faɗuwa.

Ka lura da wannan: littafin da ya shata wa gona iyaka, shi kansa ba shi da shinge. Duk almajirin da ya sami takarda da tawada yana iya kwafe shi, ba ya aika wa Gwandu ko wuri ɗaya.

Amma kada ka ɗauka littafi abu ne mai araha a wancan zamani. Takarda daga ƙasar Italiya take zuwa, ta sauka Tarabulus, ta ƙetare hamada a bayan raƙumi, irin mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta wajen haske. Alƙalami na kara ne, tawada ta gida ce, da gawayi ko bagaruwa da ƙaro. Ba a ɗinke littafi. Warƙa-warƙa ake barinsa, a sa tsakanin fata biyu, a ɗaure, a zura cikin gafaka. A ƙasan kowane shafi mai kwafa yakan rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba, domin kada warƙoƙi su rikice. Wannan ya sa malami yana iya raba littafi ɗaya ga almajirai da dama, kowa ya tafi da 'yan warƙoƙi ya kwafa ya dawo da su. Babban littafi yakan ci watanni. Abin da ake biya kuwa shi ne kuɗin takarda da ladan hannun da ya yi rubutun.

Sa'ad da mai kwafa ya kai ƙarshe, sau da yawa yakan bar 'yan layuka da suka fi dogon sharhi koya mana yadda mutanen suke tunani. Yakan ambaci sunan littafin da na mawallafinsa, ya ambaci kansa a matsayin wanda ya rubuta da hannu, ya ambaci wanda aka yi wa kwafin, sa'an nan ya roƙi mai karatu addu'a. Mutum uku ke nan a shafi ɗaya, kowa da rabonsa. Takardar ta mai littafi ce, wanda ya sace ta ɓarawo ne kamar ɓarawon akuya. Lada na mai kwafa ne. Mawallafi kuwa abin da ya rage masa shi ne sunansa da kalmominsa yadda ya ajiye su. A kan wannan rabo na ukun ba su yi sakaci ba. A 1812 Malam Abdullahi ya zauna ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, da littafin da ya karanta a gaban kowannensu, daga mahaifinsa zuwa wansa Shehu, zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru da sauransu. Ilimin da ba a san bakin da ya fito ba, ba shi da nauyi a wurinsu. Haka kuma waƙar da aka sani da Tabbat Haƙiƙa: Shehu ya yi ta da Fillanci, 'yarsa Nana Asma'u ta juya ta zuwa Hausa, daga baya aka yi mata tahamisi, wato aka ƙara layuka uku a kan kowane baiti. Hannu bayan hannu sun taɓa ta, ba a ce an yi sata ba, ba a kuma manta da wanda ya fara ba.

A tsakiyar watan Mayu na 1853 wani baƙo ya sauka a Gwandu. Bajamushe ne mai suna Heinrich Barth, wanda yake tafiya da sunan Abdulkarim, gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, yana kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sarkin Gwandu na lokacin, Halilu ɗan Abdullahi, mutum ne mai keɓe kansa domin ibada, bai yarda ya ga baƙon ba har ya bar garin, ga kuma fadawa suna ja-in-ja da shi a kan gaisuwar da ya kawo. Amma a cikin wannan zaman jira wani malami, Buhari ɗan marigayi Sarki Muhammadu Wani, ya ba shi aron wani babban littafi na Larabci, tarihin daular Songhai da birnin Tambutu, wanda muka sani yau da sunan Tarihus Sudan. Barth ya gane abin da ya faɗo hannunsa. Ya yi kwana uku ko huɗu yana kwafar muhimman wurare cikin gaggawa, sa'an nan ya mayar wa mai shi. A farkon Yuni ya ɗaura kaya, ya bi ta Birnin Kebbi da Kola, ya ratsa ta Diggi zuwa Zogirma, da waɗannan takardu cikin kayansa. A watan Satumba ya isa Tambutu. A 1855 aka buga abin da ya kwafo a wata mujallar masana a Jamus, ta haka mutanen Turai suka fara karanta jerin sarakunan Songhai daga alƙalamin ɗan ƙasar.

Bari mu yi shari'ar wannan al'amari kamar yadda za a yi ta gona. Me Malam Buhari ya rasa? Littafinsa ya koma gafakarsa da warƙoƙinsa cif. Ka kwatanta da abin da ya faru bayan shekara 50, sa'ad da sojojin Ingila suka ci Sakkwato a 1903, suka tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, wasiƙun suka koma hannun sababbin masu mulki, har aka fassara su aka buga a 1927. A nan an raba gida da abinsa. A Gwandu kuwa littafi ɗaya ya zama biyu, mai shi bai ragu da komai ba, duniya ta ƙaru.

Duk da haka an yi hasara, sai dai ba mai takardar ne ya yi ta ba. Barth ya gaya wa duniya cewa littafin na Ahmadu Baba ne, shahararren malamin Tambutu, gama haka ya ji daga bakin malamai, cikin littafin kuma akwai dogayen sassa da aka ɗauko daga rubutun Ahmadu Baba a kan rayuwar malamai. Ya maimaita wannan a cikin littafin tafiyarsa mai juzu'i 5 da ya fito a 1857 da 1858. Alhali Ahmadu Baba ya rasu a 1627, labarin littafin kuwa ya zarce har wajajen 1655. Mai shi na gaskiya shi ne Abdurrahman Sa'adi, ɗan Tambutu, wanda ya yi limanci a Jenne. Gaggawar kwana uku ba ta bar Barth ya ga wuraren da mawallafin yake ba da labarin kansa ba. Sai bayan fiye da shekara 40, da Faransawa suka sami cikakkun kwafi, aka buga Larabcin a Faris a 1898, fassararsa kuma a 1900, sunan Sa'adi ya koma kan aikinsa. Mutumin ya rasu tun kusan shekara 200 kafin Barth ya taka Gwandu; ba shi da bukatar ko wuri. Amma wa zai ce ba a zalunce shi ba?

A cikin ayarin Barth a wannan tafiya akwai wani yaro Bahaushe, kuma ta wurinsa maganar take shigowa gidanmu. Sunansa Dorugu, daga ƙasar Damagaram, an kama shi bauta yana ƙarami, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi a Borno. Ya bi Barth har Tambutu, a 1855 kuma ya bi shi zuwa Ingila. A can ya zauna a gidan Rabaran J. F. Schön na ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Daga bakin wannan yaro Schön ya kwashi kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, da taimakonsa kuma ya yi aikin juya sassan Sabon Alkawari da aka fara bugawa a 1857. Littafin nahawu ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Magana Hausa a 1885. Gaskiya ita ce Schön bai ɓoye yaron ba; ya nuna a cikin littafin cewa labarin daga bakin Dorugu ne. Amma sunan da ke bisa bango na Schön ne, lambar yabon da Faransa ta bayar a 1877 tasa ce, digirin girmamawa na jami'ar Oxford a 1884 nasa ne. Dorugu ya komo gida a 1864, ya ƙare kwanakinsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Sai a 1971 waɗansu masana biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake fitar da labarinsa a matsayin tarihin rayuwar da shi ya bayar da bakinsa. Idan ka riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 bayan aikin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, ka tuna cewa a bayan kowane mai fassara Bature akwai bakunan Hausawa da aka yi ta tambaya ana gyara jimla, yawancinsu kuwa ba a buga sunayensu a bango ba.

Ra'ayin cewa kwafi ma dukiyar mai asali ce ba sabo ba ne, kuma a tarihin ikkilisiya aka fi ba da labarinsa. Mutanen Ailan suna da labarin wani mai wa'azi, Kolumba, wanda a ƙarni na 6 ya kwafe littafin malaminsa Finiyan a ɓoye da dare. Malamin ya kai ƙara, sarki ya yanke cewa kamar yadda maraƙi yake na mai saniya, haka kwafi yake na mai littafi. An rubuta labarin ne ƙarnuka da yawa bayan zamanin, saboda haka a ɗauke shi a matsayin gādon baka. Hukuncin zai yi wa makiyayi daɗin ji, amma akwai rauni a cikinsa. Saniya ita take ɗaukar ciki, ita take shayarwa, maraƙi daga jikinta yake ragewa. Littafi ba ya rama domin an kwafe shi, dararen da aka kwana ana rubutu kuma na mai kwafa ne.

Abin da ya sauya lissafi shi ne na'urar ɗab'i. Muddin kwafi yana cin watanni, ba mai yin arziki da aikin wani. Da injin ya zo Turai a tsakiyar ƙarni na 15, sai ya zama mutum ɗaya yana shan wahalar shekaru, wani ya buga dubu cikin mako ya kwashe ribar: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Martin Luther bai karɓi kuɗi a kan littattafansa ba, amma ya tsawata wa masu sake bugu ba da izini ba, ya kira su ɓarayi, babban kukansa kuwa shi ne suna gaggawa suna ɓata kalmomin har ba ya gane aikinsa. Malaman Gwandu da sun fahimci wannan kuka sarai. A 1710 majalisar Birtaniya ta yi dokar farko irin ta zamani, ta ba mawallafi ikon hana bugu na shekara 14, da ƙarin 14 idan yana da rai. Da wa'adin ya fara cika, manyan masu sayar da littattafai na Landan suka kawo ainihin hujjar da muke tattaunawa: littafi dukiya ce kamar fili, ba ta da ranar ƙarewa. Wani ɗan kasuwa daga Sukotland, Alexander Donaldson, wanda yake buga tsofaffin littattafai da araha, ya ja da su har gaban majalisar dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. A 1774 aka yanke cewa haƙƙin yana da wa'adi. Ka lura kuma da masu neman mallaka ta har abada: ba marubuta ba ne, 'yan kasuwa ne da suka saye haƙƙin tun da daɗewa, marubucin waƙar da aka yi shari'ar a kanta kuwa ya riga ya mutu.

Daga nan dokar ta yaɗu. Ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Bern a 1886. Dokar Ingila ta 1911 ta shigo Nijeriya tare da mulkin mallaka, aka maye gurbinta da ta gida a 1970, aka sake wata a 1988 wadda ta haifar da hukumar kare haƙƙin mallaka, Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Bern a 1993, sabuwar doka kuma ta sami hannun shugaban ƙasa a watan Maris na 2023. A yau littafi ko waƙa suna ƙarƙashin ikon mai su muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa, sa'an nan su zama na kowa. Dokar ta ba mawallafi ikon a ambaci sunansa ko da ya sayar da haƙƙin bugu, ta kuma bar ƙofa domin karatu da bincike da ɗauko ɗan yanki tare da faɗin mai shi, da mayar da littattafai irin da makafi za su iya amfani da su. Ba a yi wa gona irin waɗannan ƙofofi. Ba wanda zai shiga gonarka ya yanki dami ɗaya ya ce domin bincike ne.

A nan ya kamata a faɗi wani abu a gefe: ita ma gonar ba mallaka ce marar iyaka ba kamar yadda masu gardama suke zato. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, manomi yana riƙe da haƙƙin zama da amfani ne. Littafin Firistoci 25:23 ya riga ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, gama su baƙi ne a kanta. Idan abin da ake takawa da ƙafa ma riƙo ne, yaya abin da iska take ɗauka?

Littafi Mai Tsarki ya ajiye mana labari biyu da suka raba zancen. A 1 Sarakuna 21 Ahab ya so gonar inabin Nabot, gādon kakanninsa. Ba yadda za a yi su biyu su mallake ta, sai da aka kashe Nabot. A Irmiya 36 Sarki Yehoyakim ya sa wuƙa ya yi ta yanka naɗaɗɗen littafin annabi yana jefawa cikin kaskon wuta har ya ƙare. Ya hallaka fata da tawada da aikin hannun Baruk, amma bai taɓa maganar ba: aka ɗauko wani naɗi, Irmiya ya faɗa, Baruk ya rubuta, har da ƙari. Bulus ya aika a kawo masa alkyabbarsa da littattafansa daga Taruwasa, gama su kaya ne, suna wuri ɗaya; wasiƙarsa ga Kolosiyawa kuwa ya ce a kai ta Lawudikiya a karanta. Duk da haka wannan Irmiya ne, a 23:30, ya kawo hukunci a kan annabawan da suke satar magana daga bakin juna, Bulus kuma yakan sa gaisuwa da hannunsa a ƙarshen wasiƙa domin a bambanta tasa da ta jabu.

Hukuncina ke nan, ya mai karatu: aikin tunani ba gona ba ne, wanda kuma ya nemi a tsare shi daidai da gona ya roƙi abin da zai cuci kowa, har da shi kansa. Da zuriyar kowane malamin da Abdullahi ya lissafa suna da ikon hana kwafi har abada, da bai sami abin karantawa ba, balle ya rubuta. Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce da labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa har muka ɗauka a nan aka haife su. Da kowane labari yana da mai gadi, da ba mu da littafin. Amma wanda ya ce tun da mai shi bai rasa komai ba, to, ba a bin kowa bashi, shi ma ya kauce. Ana bin bashin suna, wannan kuwa ba ya tsufa. Na Sa'adi ya kai shekara 200 bai faɗi ba. Ana bin bashin barin kalmomi yadda mai su ya ajiye su, kada a sa masa a baki abin da bai faɗa ba. Ana kuma bin bashin lada, gama ma'aikaci ya cancanci ladansa, kamar yadda 1 Timoti 5:18 ta tuna mana. Sai dai lada hakkin gumi ne, yana da gwargwado. Ni a ganina shekara 70 bayan mutuwa ma ta yi yawa, gama ta fi amfanar kamfanoni fiye da marayu. Amma gardama a kan tsawon wa'adi dabam take da cewa babu wa'adi, dabam kuma da cewa babu bashi.

Bashin ladan nan shi ne ya fi mana wuyar biya, domin talauci gaskiya ne. Akwai ikkilisiyoyin karkara da littafin waƙoƙi ɗaya yake zagaya benci uku. Ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki da ya kwafi shafi goma da hannunsa ɗan'uwan almajirin Gwandu ne, ba wanda zai kira shi ɓarawo. Amma wanda ya buga littafin wani dubu biyu a ɓoye ya kai kasuwa, ko ya cika katin waya da waƙoƙin mutane yana karɓar kuɗi, ba taimakon matalauta yake yi ba, ciniki yake yi da gumin da ba nasa ba. Masu shirya finafinan Hausa a Kano sun ɗanɗana wannan a zamanin faifai, sa'ad da na jabu yake cika kasuwa tun mai fim bai mai da kuɗinsa ba. A dā makaɗin fada yana samun doki da riga a wurin da ya yi waƙar, malami yana da gona da sadakar almajirai, wato jama'a tana ciyar da mai fasaha ta wata hanya. Inda wannan hanya ta toshe, ba a kuma sayen aikin, mai shi yakan ajiye alƙalami ya nemi wata sana'a. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshe ɗaya tana cin shekaru, masu yin ta kuma suna da iyali.

Wani abin mamaki shi ne mun fi cika biyan bashin da ya riga ya faɗi. Waƙoƙin Charles Wesley, wanda ya rasu a 1788, da na Fanny Crosby, wadda ta rasu a 1915, da aka juya mana zuwa Hausa, asalinsu ya daɗe da zama na kowa, amma fastoci suna iya ba ka labarin rayuwarsu daga bisa bagadi. Waƙoƙin zumuntar mata kuwa, waɗanda ake yi da tulu da caki da tafi, suke tashi daga wata ƙaramar majami'a su zagaye taron gunduma, su ƙetare jiha, su shiga faifan wani mawaƙi a birni, kowace ɗaya wata mace ce ta fara rera ta, watakila a bakin murhu, watakila a hanyar gona. Idan ka tambaya wa ya yi ta, sai a ce maka ta mata ce. Da an rubuta sunanta, da doka ta ƙirga wa 'ya'yanta shekara 70 daga shekarar rasuwarta. Waɗanda suka fara koyon waƙar daga bakinta, da yawansu suna nan da rai, suna zaune a bencin gaba ranar Lahadi.